Darasi: Jiran Fentin Mai Ya Nuna Kafin Allon Wasan Ruwa Ya Shiga Teku

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance fentin da ya bushe da wanda ya nuna;
2. bayyana ɓarnar da ruwan teku ke yi wa ɗanyen fenti;
3. lissafa ranar da allo zai shiga ruwa, gwargwadon yanayi da kaurin shafi;
4. gwada fenti da hannunsa kafin ya miƙa wa mai kaya.

Shimfiɗa

Mai fentin da ya koyi sana'a a Kano ko Maraɗi ya saba da ƙofar ƙarfe, tagogi, kujerun makaranta da allon shago. Waɗannan duk a tudu suke zama, iyakarsu ruwan sama ya jiƙa su rana ta busar. Idan neman abinci ya kai shi Legas, Kwatano ko Akara, yana iya tarar da wani aiki daban: allunan da ake wasa da su a teku. Akwai wanda ake tsayawa a kai igiyar ruwa ta kwaso mutum zuwa gaɓa, kamar yadda matasa ke yi a Tarkwa Bay ta Legas, da Busua da Kokrobite a Gana, da tsibirin Ngor na Dakar. Akwai babba wanda ake tuƙawa a tsaye da filafili, akwai kuma mai ƙyallen kama iska. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, suna da tsada, shi ya sa idan allo ya koɗe ko ya sha faci, mai shi ya gwammace a sabunta masa fenti da ya sayi wani.

Duk wanda ya iya riƙe burushi zai iya shafa wa allo fenti. Gaggawa ce ke ɓata aikin. A yi fenti yau, gobe a taɓa a ji ya bushe, jibi a jefa a teku, kafin mako ya zagayo fenti ya yi ƙuraje ya fara saɓulewa. Mai kaya ya ce an cuce shi da jabu, alhali fentin lafiyarsa lau, kwanakinsa ne ba a bari sun cika ba.

1. San allon kafin ka buɗe gwangwani

Cikin allo soso ne mara nauyi. An lulluɓe shi da yadin faiba, an shafe da danƙon rezin wanda ya taurare ya zama ɓawo. Iri biyu aka fi samu. Na farko soson foliyuretan ne da rezin foliyesta. Na biyu farin soso ne mai ƙwayoyi, irin wanda ake tokare sabon talabijin da shi a cikin kwali, shi kuma rezin ifoksi ake sa masa. Wannan farin soso ba ya ga maciji da tina da fetur, suna taɓa shi zai narke. Don haka duk wata tsaga da ke jikin ɓawon sai an toshe ta da rezin da ya dace da allon kafin fenti ya zo kusa. Idan ka danna gefen tsagar ka ga ruwa ya tsattsafo, allon ya sha ruwa, ka jingine shi a inuwa mai iska har ya daina fitar da danshi.

Launin da allo ke zuwa da shi daga masana'anta galibi yana ƙarƙashin rezin ne, a ɓoye. Naka fentin a sama zai zauna, shi zai sha yashi da gishiri da rana da tafin ƙafa.

Akwai allunan da fentin mai ba ya zama a kansu ko an shekara ana jira: na robar foliyetilin mai santsi, da wanda ake hura wa iska, da mai taushin baya. Idan irinsu aka kawo maka, faɗa wa mai shi gaskiya ka mayar masa da kayansa.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Fentin mai: fenti mai sheƙi da ake tsinka shi da tina. A jikin gwangwani ana rubuta masa inamel ko gilos, kuma yawancinsa da danƙon alkid ake yi, wato danƙon da aka haɗa da man tsirrai.
Tina: ruwan da ke tsinka fenti don ya shafu, daga baya ya bi iska.
Shafi: zagaye ɗaya na fenti a kan allo gaba ɗaya.
Shimfiɗar fenti: shafin farko da ke kama jikin allo, wanda launi ke hawa a kansa.

2. Bushewa daban, nuna daban

Wannan sashe shi ne ƙashin bayan darasin, a karanta shi a natse.

Idan ka shafa fentin mai, abu biyu ne ke faruwa, ɗaya bayan ɗaya. Da farko tinar da ke ciki tana tashi ta bi iska, shi ne warin da ke cika ɗaki. Cikin 'yan awoyi saman fentin zai daina kama yatsa. Wannan ita ce bushewa.

Abu na biyu ido ba ya ganinsa. Man da ke cikin danƙon yana zuƙar iskar oksijin, ita kuma tana sa ƙwayoyin man su riƙa sarƙewa da juna har su zama fata guda mai tauri. Masu haɗa fenti suna zuba masa ɗan maganin busarwa, irin su kobal da manganis, don wannan sarƙewa ta yi sauri, amma duk da haka kwanaki take ɗauka. Dalili kuwa, iskar daga sama take shiga. Saman fenti ne ke fara samu, ya taurare, sannan ya zama shinge tsakanin iska da abin da ke ƙasa. Sai ka ga sama ya yi ƙarfi yana sheƙi, ƙasa kuwa yana nan da taushi, da sauran tina a maƙale a ciki. Ranar da taurin ya ratsa har ƙasa, ranar fenti ya nuna.

Magina sun san irin wannan a bulo. Bulon siminti da aka buga yau gobe ya bushe har a ɗaga shi, amma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, kuma magini mai hankali ba ya ɗora masa nauyi tun yana ɗanye.

Ga yadda lokacin fentin alkid yake tafiya galibi, idan shafin siriri ne kuma yanayi mai kyau. Cikin awa 4 zuwa 8 zai daina kama yatsa. Bayan awa 16 zuwa 24 ana iya ƙara wani shafi. Wajen kwana 7 ya yi taurin da zai jure aiki. Taurinsa na ƙarshe kuwa yakan kai mako 2 zuwa 4. Alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa a gwangwani a ɗakin gwaji suke auna su, a zafin digiri 23 ko 25 na Salshiyas, da laimar iska wajen kashi 50 cikin 100. Rumfarka ba ɗakin gwaji ba ce, saboda haka abin da ke jikin gwangwani shi ne mafi ƙarancin lokaci.

A kula da wani abu: ba duk gwangwanin da aka rubuta wa inamel ne fentin alkid ba. Sunan ya zama na duk fenti mai tauri da sheƙi. Fentin feshi na ƙaramin gwangwani yakan bushe cikin mintoci, kuma wasunsa suna da sharaɗi: ko ka ƙara shafi cikin awa 1, ko ka jira sai bayan awa 48. Wanda ya ƙara a tsakani zai ga fenti ya yamutse a gaban idonsa. Akwai kuma fenti mai haɗi biyu, wanda ake gauraya launi da ruwan taurarawa bisa awo. Shi ba ya jiran iska, daga ciki yake nuna, ya fi fentin mai tauri da jure ruwa, amma shi ma yakan buƙaci wajen kwana 7. Ba a ɗora shi a kan fentin mai, don tinarsa mai ƙarfi ce, za ta ɗaga na ƙasa. Fesa shi ba tare da abin rufe hanci na musamman ba yana illata huhu, har ya jawo ciwon asma.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Bushewa: ficewar tina daga fenti har samansa ya daina kama yatsa.
Nuna: taurarewar fenti tun daga sama har inda ya manne da allo.
Ɗanyen fenti: fentin da ya bushe amma bai nuna ba.

3. Me teku ke yi wa ɗanyen fenti?

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. A Bahar Maliya, inda Fot Sudan take, ya kai wajen giram 40. Amma ba gishirin ne ke fara ɓarna ba, ruwan kansa ne.

Babu fentin da ke hana ruwa wucewa ɗari bisa ɗari. Wanda ya nuna kaɗan yake bari, ɗanye kuwa ƙofofinsa a buɗe suke. Ruwa yana da wata ɗabi'a: idan akwai siririyar fata tsakanin wuri biyu, yakan ratsa ta ya nufi ɓangaren da ya fi abin da ke narkewa a ruwa. To, idan a ƙarƙashin fentinka akwai ragowar tina, ko gishirin zufar hannu, ko gishirin tekun da ba a wanke ba kafin a yi fenti, ruwa zai bi su ya taru a wurin ya tura fenti sama. Shi ne ƙurajen da ake gani. Ka duba su da kyau: ƙanana ne kamar ƙwayar gero, jere a inda aka fi riƙe allon ko inda fenti ya fi kauri, idan ka huda ɗaya da allura ɗigon ruwa zai fito, wani lokaci da warin tina. Wannan ya nuna ruwan daɗi ma ba abin amincewa ba ne. Wanda ya ce bari ya fara gwada ɗanyen allo a kogi ko a tafkin ninƙaya bai tsira ba.

Daga nan gishiri ke karɓar aiki. Idan allo ya fito ruwa ya bushe, gishiri yana zama a kai, ya shige ƙananan kafofi ya daskare. Gishiri yana janyo laima daga iska, don haka wurin ba ya bushewa sosai, kuma ƙwayoyinsa tare da yashi suna kankare fenti mai taushi su kashe masa sheƙi. Ga kuma wani abu: ruwan teku yana da ɗan kaifi irin na kanwa, shi kuwa mai idan ya daɗe tare da abu mai wannan kaifi yakan fara juyewa sabulu. Fentin alkid da mai aka yi shi, shi ya sa bai dace da abin da ke kwana cikin ruwa ba, ko da ya nuna. Allon da ke shiga teku awa biyu ko uku a fito da shi a ɗauraye, fentin mai zai iya masa. Ƙasan jirgin da ke ɗaure a ruwa dare da rana kuwa fentinsa daban ne.

Darasin da ke nan biyu ne. Kafin a yi fenti, a wanke allo da ruwan daɗi sosai, a kankare kakin da masu hawa ke gogawa don kada ƙafa ta zame, a goge da samfefa mai lamba 220 zuwa 320, kuma daga nan kada a sake taɓa shi da hannu tsirara. Sannan bayan an yi fenti, a jira.

4. Kwana nawa za a jira?

Ƙa'idar ita ce: daga shafin ƙarshe ake fara ƙirga. Idan ka dawo bayan kwana uku ka ɗan gyara wani wuri da burushi, ƙirgar wannan wuri ta koma farko.

A yanayi mai kyau, kada allo ya ga teku kafin kwana 7. A bakin teku lokacin damina, inda iska ke cike da laima, a ba shi kwana 14. Idan mai kaya ba ya sauri, mako 3 ya fi, ba abin da fenti zai rasa don an ƙara masa kwana. Idan kuma gwangwani ya faɗi lokacin da ya fi wannan tsawo, a bi gwangwani.

Misali na 1: lissafin ranaku

A ce wani ya kawo maka allo ranar Litinin a Legas cikin watan Yuni, tsakiyar damina, yana so ya hau shi ranar Asabar. Litinin za ka wanke, ka kankare kaki, ka yi faci. Talata allo ya sha iska. Laraba shimfiɗar fenti, Alhamis shafi na farko, Juma'a shafi na biyu. Ƙirga ta fara ranar Juma'a. Da rani ne, Juma'a mai zuwa ya isa, wato kwana 11 daga ranar da ya kawo. Tunda damina ce, sai Juma'a ta sama, kwana 18 ke nan. Ranar Asabar da yake so, fentin kwana ɗaya kacal zai yi.

Wannan lissafi tun ranar Litinin ake yi wa mutum, kafin a karɓi kuɗinsa. Kana iya cewa: "Yallaɓai, idan Asabar ɗin nan kake bukatarsa, gara ka hau shi a yadda yake, ka dawo mini da shi bayan ka gama. Idan na taɓa shi yau, sai bayan mako biyu da rabi zai shiga ruwa." Wani zai ji haushi ya tafi wurin mai ce masa gobe-gobe. Ka bar shi ya tafi. Asarar ciniki ɗaya ta fi sauƙi a kan kankare allo gaba ɗaya da kuɗin aljihunka.

5. Abubuwan da ke ja wa fenti lokaci

Kauri ne kan gaba, kuma shi ne wanda ke hannunka. Mai fenti yakan so ya lafta shafi ɗaya mai kauri ya huta. A ƙofar gida wataƙila ya sha, a allo ba zai sha ba. Shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri saurin nuna da daɗewa.

Misali na 2: gane kauri ta yawan fentin da ya tafi

Allon tuƙi a tsaye mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 80, idan aka cire tsukewar kai da gindi, fuskarsa ɗaya wajen murabba'in mita 2 ce, fuska biyu 4. A ce gwangwani ya rubuta lita 1 tana rufe murabba'in mita 12. Raba 4 da 12, ka samu kashi ɗaya cikin uku na lita. Abin da shafi ɗaya ya kamata ya ci ke nan. Idan ka duba ka ga lita guda ta ƙare a shafi ɗaya, kaurin ya ninka sau uku, kuma jiran zai wuce ninki uku nesa, domin iska sai ta ratsa fatar da ta riga ta taurare kafin ta kai ƙasa. Alamarsa ita ce saman fenti ya tattare ya yi layi-layi, idan ka danna da farce ya lotsa. Irin wannan sau da yawa ba ya gyaruwa da jira, sai an kankare an sake.

Sai zafi da sanyi. Masana haɗa sinadarai suna da kiyasi cewa idan zafi ya ragu da digiri 10, aikin sarƙewa yakan ɗauki kusan ninki biyu na lokaci. Fentin da zai nuna cikin kwana 7 a digiri 23, a digiri 13 sai wajen kwana 14. Wannan ya shafi wurare irin su Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda sanyinsu ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta. Ƙasa da digiri 10 ba a fentin mai. Amma kada ka juya lissafin ka ce tunda garinku zafi ne za ka rage kwanaki. Zafi saman fenti yake fara busarwa. Kuma kada ka shanya allo a rana don ya yi sauri: iskar da ke cikin soso tana kumbura idan ta yi zafi, ta ɓamɓare ɓawon daga soson, allo ya yi ƙulu. Baƙin fenti da sauran launuka masu duhu sun fi jawo wannan, shi ya sa fari da launi mai haske suka fi dacewa da allo.

Sai laima. Idan ta wuce kashi 85 cikin 100, ajiye burushi. Akwai kuma ƙa'idar raɓa da masu fentin jiragen ruwa ke bi: zafin jikin abin da za a shafa ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. In ba haka ba, akwai siririn danshi a jikin allon da ido ba ya gani, a kansa za ka yi fenti.

Misali na 3: yanzu ko an jima?

Ga hanya mai sauƙi ta kiyasi idan laima ta haura kashi 50. Cire adadin laima daga 100, raba da 5, cire abin da ka samu daga zafin iska. Wayar hannu tana nuna zafi da laimar gari. Da sassafe: zafi 25, laima 90. 100 a cire 90 saura 10, a raba da 5 ya ba da 2, ma'aunin raɓa 23 ke nan. Allon da ya kwana a rumfa bai wuce digiri 25 ba, tazara 2 ce, ba a fenti. Da hantsi ya ɗaga: zafi 31, laima 70. 30 a raba da 5 ya ba da 6, ma'aunin raɓa 25, idan jikin allo ya kai zafin iska tazara 6 ce, sai a fara. A gama da wuri kuma, kafin la'asar, don raɓar dare idan ta sauka a kan fenti mai ɗanyen sama tana dusashe masa sheƙi ya yi fari-fari.

Hunturu yana busar da fenti da kyau, matsalarsa ƙura. A yayyafa ruwa a ƙasan rumfa kafin a fara, a kare ɓangaren da iska ke bugowa. Amma kada a toshe ɗaki gaba ɗaya, fenti yana bukatar iska mai zagayawa, kai ma kana bukatarta.

Na ƙarshe shi ne abin da ka tsinka fentin da shi. Da yawa suna zuba kananzir ko fetur don sun fi araha. Kananzir yana jinkirin tashi, ya bar fenti da danƙo kwana da kwanaki. Fetur yana tashi da sauri fiye da kima, ga haɗarin gobara. Yi amfani da tinar da gwangwani ya ambata, daidai awon da ya faɗa.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Laima: yawan danshin da ke cikin iska, ana auna shi da kashi cikin 100.
Ma'aunin saukar raɓa: matakin sanyin da danshin iska ke fara zama ruwa a jikin abu.

6. Gwaji kafin miƙa kaya

Kalanda kiyasi take bayarwa, gwaji ne ke tabbatarwa. Duk lokacin da ka yi wa allo shafi, ka yi wa wani guntun faiba ko falle na ƙarfe irin wannan shafin, ka ajiye shi kusa da allon. A kansa za ka yi gwaji, ba a kan kayan mutane ba.

Fara da hanci. Kusanto da shi dab da fentin, idan har yanzu warin tina na tashi, da saura. Sannan ɗora babban yatsa ka danna da ƙarfi ka murɗa. Fentin da ya nuna ba ya ɗaukar zanen yatsa, ba ya motsi. Sannan danna farce a inda ya fi kauri, musamman gefe inda fenti ke gangarowa ya taru. Idan farce ya bar rami, ƙara kwana 3 ka sake gwadawa.

Idan ya haye waɗannan, haɗa ruwan teku da kanka: cokalin cin abinci biyu na gishiri, a shafe, cikin lita 1 ta ruwa. Jiƙa auduga, ɗora a kan guntun, kife kofi a kai, bar shi ya kwana. Da safe ɗaga ka goge. Idan wurin ya yi fari, ko ya yi taushi, ko ƙuraje sun fito, allon bai isa shiga ruwa ba.

Duk tsawon jiran nan allo ya zauna a inuwa, a kan katako biyu, ba a cikin jakarsa ba, ba a naɗe da leda ba. Kada a manna masa tabarmar taka ƙafa ko sitika, kada a goga kaki, kada a ɗaure shi da igiya a saman mota, don igiyar za ta bar sawunta a jikin fenti har abada. Tsummokaran da suka sha fenti da tina a baza su a waje su bushe ko a tsoma su a ruwa, domin idan aka tara su wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. Ranar da za ka miƙa allo, ka roƙi mai shi ya riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi duk fitowa daga teku, kuma ya guji wanke shi da garin sabulu mai kaifi.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, mene ne bambancin fentin da ya bushe da wanda ya nuna?
2. Me ya sa ƙasan fenti ke jinkirin taurarewa fiye da samansa?
3. Wani ya ce zai gwada sabon fenti a ruwan kogi tunda babu gishiri. Me za ka faɗa masa?
4. Ka yi shafin ƙarshe ranar 3 ga wata, ranar 6 ka gyara wani wuri a gefe. Lokacin damina ne a bakin teku. Wace rana allo zai shiga ruwa?
5. Zafin iska digiri 28 ne, laima kashi 80, jikin allo digiri 26. Za ka yi fenti ko za ka jira? Nuna lissafinka.
6. Allo mai faɗin murabba'in mita 3 ya ci rabin lita a shafi ɗaya, gwangwani kuma ya ce lita 1 tana rufe murabba'in mita 12. Sau nawa kaurin ya ninka, kuma me kake sa ran gani?
7. Kawo irin alluna biyu da bai kamata a yi musu fentin mai ba.

Aikin gida: samo falle biyu na ƙarfe, yi wa ɗaya siririn shafi, ɗaya mai kauri, da fenti iri ɗaya a rana ɗaya. Kullum ka gwada su da farce ka rubuta abin da ka gani, a kwana na 7 ka yi musu gwajin auduga da ruwan gishiri. Ka zo aji na gaba da fallayen biyu da takardar da ka rubuta.